Rubutun Hannun Hagu

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An dakatar da Lauya daga makaranta, sati uku. Ranar 25 ga wata kwamiti zai zauna ya yanke ko ta koma ajinta, ko in zo in kwashe mata littattafanta gaba ɗaya.

Shekararta tara, aji huɗu, 'ya ɗaya tilo da Allah ya ba ni. Babanta ne ya laƙaba mata Lauya tun tana shekara uku, don ba a kayar da ita a magana. Yau tun daga ƙofar makaranta har gida Lauya ba ta ce uffan ba.

Takardar da hedimasta ya miƙo mini tana da kuskure uku. A tsaye a ofishinsa na gan su. Shekara goma sha ɗaya ina duba rubutun mutane a shagon buga takardu, idona ya lalace, sai na ga kuskure kafin in ga magana. Sai a cikin mota na karanta abin da takardar ke cewa.

Ba zan rubuta abin da ya faru a ajin ba. Yaron da ta ji wa ciwo yana lafiya. Ɗinki biyu aka yi masa a goshi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Ta tashi da kanta ta sa kayan makaranta. Har ta ɗaure takalmi kafin in iya buɗe baki in tuna mata.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na tafi da ita shago, tunda ba ni da wanda zan bar wa. Oga ya sha mur, ya ce wurin aiki ba gidan raino ba ne, sannan da kansa ya jawo mata kwalin takarda ta zauna nesa da injin yanka. Haka yake, faɗan a baki, zuciyar kuwa fara tas.

Kafin azahar ta haddace aikin kowa. Mai inji ya ɗauko jar tawada zai zuba, ta ce masa, "Baba, mai kalandar nan shuɗi ya ce, kuma ya ce kada a sa hotonsa a tsakiya." Aka duba, haka ne. Oga ya kwashe da dariya ya ce, "Wannan ai ta fi uwarta kai, ita zan ɗauka in sallame ki."

Can wani mai karɓar katin gayyata ya miƙa mata ɗaya ya ce, "Karanta mana mu ji, 'yar makaranta." Ta dubi katin, ta dube ni, ta ce fitsari take ji. Ta daɗe a banɗakin har mutumin ya tafi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je wurin malamar ajinsu. Ba muguwa ba ce, kuma hakan ya fi yi mini ciwo, don da muguwa ce da na sami wanda zan ɗora wa.

Ta ce labarin da Lauya ta kawo na aikin gida, na kyanwar da ta haihu a cikin kwandon wanki, shi ya fi na kowa. Don ta karrama ta ne ta ce ta fito gaban aji ta karanta. Yarinya ta tsaya riƙe da littafi, minti ɗaya, biyu, uku. Aka fara dariya daga bayan aji. Sauran na sani.

Sai ta baje littattafai a kan tebur, kashi biyu. Na aikin gida tsaf, goma bisa goma, tara bisa goma. Na cikin aji kuwa shafi fari, shafi a yage, shafi da zanen kyanwa.

"Maman Lauya, ke ki duba fisabilillahi. Yarinyar da ta iya wannan a gida, ta zo aji ta ƙi yi, me za a kira shi in ba taurin kai da raini ba? Shekara biyu ina lallaɓa ta."

Na ce haka ne, Malama. Da bakina na faɗa. Na tura hannuna na hagu ƙarƙashin jaka, ban fito da shi ba har na bar ofishin.

A bakin ƙofa na haɗu da iyayen yara biyu da muka saba gaisawa. Duk su biyun waya ta kama su a daidai lokacin.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira Babanta sau uku. Wayar tana shiga, ba a ɗagawa. Wata na bakwai ke nan da tafiyarsa, kuma wannan ma ba abin rubutawa ba ne.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na dafa shayi na mutum uku. Har yanzu hannuna bai koyi na mutum biyu ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Wata malama ta aiko a kira mu, wadda ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman. Yara suna ce mata Malama mai sanda, don da sanda take tafiya, ƙafarta ɗaya ta shanye tun tana ƙarama. Na zata wani ɗaki take tara su a bayan makaranta, shi ya sa shekara biyu ina kauce wa hanyarta. Ashe ba ta da aji. Yaranta goma sha ɗaya suna zaune a cikin sauran yara, ita ke bin su. Mai ƙarancin ji a layin gaba inda zai ga bakin malami, mai raunin gani da takarda mai manyan baƙaƙe, wani kuma ana ba shi izinin fita ya zaga in zama ya ishe shi.

Ta zauna da Lauya minti ashirin da wasu haruffa na katako, ni ina waje. Na jiyo muryar 'yata, har da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ranar Talatar nan.

Da ta sallame ta, ta kira ni. Ta ce dokar makaranta ita ce, yaron da ta karɓa ba a korarsa a kan laifin da ya fito daga matsalarsa, sai dai a gyara yadda ake koyar da shi. Amma sai ta kai wa kwamiti hujja. Ta ɗora hannu a kan littattafan aikin gidan.

"Wannan yarinyar ta cikin littattafan nan ba ta buƙatata, Maman Lauya. Ta fi ni iya rubutu. Wadda na zauna da ita yanzu nake nema, mai kaifin kai, wadda haruffa ke yi wa yawo a ido. Amma ita ba ta da takarda ko ɗaya a makarantar nan. Akwai mai taimaka mata a gida?"

Na ce ina dai dubawa.

Ta kalle ni, ba kallon tuhuma ba. Ta ce, "To. Ƙofata a buɗe take." Na ji haushinta ƙwarai, kuma na rasa dalili.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Ni nake yi mata aikin gida. Shekara biyu da wata huɗu. Da hannun hagu nake rubutawa don ya yi kama da na yaro.

Ba da niyya na fara ba. Makarantarta ta farko sun kira mu tana aji ɗaya suka ce mu ɗauke ta, wai ba ta ja, tana ɓata musu sakamako. Babanta bai yi magana ba kwana uku. Da muka samu wannan makarantar na rantse ba za a sake kirana ofis ba. Da farko goge kuskure kawai nake yi in ce ta sake. Sai na koma riƙe mata hannu. Wata rana ta yi awa biyu a kan layi uku, tana kuka ina kuka, shinkafa tana ƙonewa, na fizge fensirin na ce je ki yi wasa. Minti biyar na gama. Ta yi barci da murmushi ranar, ni ma haka.

Na ƙware, abin kunya. A kowane shafi nakan bar kuskure ɗaya da gangan, kuma Allah ya sani barin kuskuren nan ya fi rubutun wahala a wurina. Lokacin jarrabawa in ce zazzaɓi ya kama ta, ko in ce tsoro ke rikita ta, makin aikin gida ya ɗaga ta.

Labarin kyanwar nata ne. Tana kwance a tabarma tana faɗa ina rubutawa, ban ƙara kalma ɗaya ba. Maganarta ce tsaf aka miƙa mata a gaban yara arba'in, ta kasa gane ta.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo. Na faɗa mata, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai. Ta riƙe haɓa, sannan ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki iya ganin abu a karkace ki wuce ba. Yanzu ga shi kin miƙar da 'yarki har ta karye."

Na zaci za ta ce in je in faɗi gaskiya. Ina! Cewa ta yi, "Ki rufa wa kanki asiri. Kina buɗe baki za su ce kun yaudare su, su kore ku ke da ita, kuma labari ya riga ku zuwa kowace makaranta. Taurin kai ai ana yafewa. Ki je ki durƙusa wa hedimasta, ki yi masa kuka, ba ya kashe mutum."

Ta tafi kafin magariba, yaranta na jira. Gidan ya ƙara faɗi bayan fitarta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na bi shawarar Yaya, har da kukan, kuma ban sha wahalar nemo shi ba. Hedimasta ya sauko. Ya ce Lauya ta rubuto takardar ban haƙuri da hannunta, ta amsa cewa ta iya karatu taurin kai ne ya hana ta, ta yi alkawarin dainawa. In kawo ranar 25. Zai sa baki a mayar da ita, da gargaɗi na ƙarshe.

Da hannunta, in ji shi. A gida.

Na fito ina jin sauƙi, sauƙin da ban so ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na bar kuskure ya wuce a katin wani, ɗari biyar aka buga. Oga bai yi faɗa ba, ya tambaye ni ko lafiya. Gara faɗan.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na hango Malama mai sanda a bakin titi tana jiran mota. Na tsallaka ɗaya gefen.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na rubuta takardar. Layi shida, kuskure ɗaya. Ta yi kyau, ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Tana cikin ambulan a jakata.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ina yi wa Lauya tsifa ta ce, "Mama, takardar da kika yi jiya, me na ce a ciki?"

Haka ta tambaya. Me na ce.

Na ɗauko na karanta mata. Ta saurara kamar yadda take sauraron komai, kai a karkace. Da na kai wurin "na iya karatu amma na ƙi," ta juyo har gashin ya kuɓuce daga hannuna.

"Amma ai ƙarya ne."

Na ce ba ƙarya ba ce sosai, hanya ce kawai ta komawa makaranta, kuma manya sun fi ta sanin yadda ake yi.

"Shi yaron zan ba shi haƙuri, na fasa masa goshi, ban kyauta ba. Amma ban ƙi ba, Mama. Wallahi ban ƙi ba. Na duba, na duba, na sake dubawa. Na san labarin kyanwa ne, na san farkonsa, na rasa inda yake a takardar. In na koma, gobe ma Malama za ta ce in tashi. Ke kuma ba kya ajin."

Na ce ta juya in ƙarasa tsifar. Muryata ta fito da faɗa, alhali ba faɗa nake ji ba. Ta juya. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Kunya nake ba ki, ko?"

Na ce a'a. Na faɗa sau uku. Ba ta yi gardama ba, kuma Lauya ba ta barin magana sai in ta ga ba amfani.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ambulan ɗin yana jaka. Ban yaga ba, ban fitar ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutum huɗu ne a kwamitin: hedimasta, malamar aji, Malama mai sanda, da wani dattijo wakilin iyaye. Aka bar Lauya a kan benci a waje. Hedimasta ya miƙo hannu ya ce, "Takardar fa?"

Na buɗe jaka. Na taɓa ambulan ɗin. Sai na ji bakina yana cewa a ba ni farar takarda da fensir.

Suka dubi juna. Malama mai sanda ce ta turo mini. Na kama fensirin da hagu, na rubuta layin farko na labarin kyanwa, hannuna ya san hanyarsa. Na jawo littafin aikin gida na buɗe, na ajiye su gefe da gefe a gaban hedimasta. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk nawa ne. Tun daga aji biyu. 'Yata ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa ƙin yi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba, sai da na zauna na ji komai.

Malamar aji ta miƙe tsaye. "Shekara biyu ina yi wa babbar mace maki? Ina rubuta miki 'da kyau, ki ci gaba'?" Dattijon ya yi tari don ya ɓoye dariya. Sai kuma ta koma ta zauna a hankali, ta dafe kai. "Innalillahi. Ni na tsayar da ita a gaban aji. Na hana ta fita hutun tara sau nawa, ina cewa raini ne." Ba ta sake kallona ba, kuma ban ga laifinta ba.

Hedimasta ya yi faɗa sosai. Ya ce yaudara ce, ya ce da ya bi zuciyarsa yau ɗin nan za mu bar masa makaranta. Malama mai sanda ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, uwar ba ɗalibarmu ba ce, ba mu da ikon korar ta. Yarinyar kuma yau ne muka fara saninta. A ba ni ita zango ɗaya."

Sun yi kusan awa ina waje. Abin da suka yanke: ta koma ranar Litinin, ajinta, gwajin zango ɗaya. An soke duk makinta na baya. Malama mai sanda za ta zauna da ita sau uku a sati, jarrabawa kuma a karanta mata tambaya ta amsa da baki, har hannun ya taso. Za ta ba yaron haƙuri da bakinta. Ni kuma na sa hannu a takarda cewa ba zan sake taɓa littafinta ba. Da hannun dama na sa.

A hanya na faɗa mata. Ta ce, "Sun san ban iya ba?"

Na ce sun sani.

"Dukansu?"

Na ce dukansu.

Ta ce, "To." Ta wuce gaba, ba ta kama hannuna ba har muka tsallaka titi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Saƙo daga Babanta: "Ya ake ciki?" Na rubuta mai tsawo, na goge. Na tura masa, "Za ta koma."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ta kira ta ce na yi wauta amma Allah ya rufa asiri. Labari ya zaga iyayen yara. Yanzu ba sa ma wahalar ɗaga waya, kallona suke yi kai tsaye.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ta koma. Ta ce ta ba yaron haƙuri, ya nuna mata tabon, har ya bari ta taɓa. An mayar da ita layin gaba kusa da mai ƙarancin ji, wai ita ke maimaita masa abin da Malama ta ce in ta juya wa aji baya. An samu aikin da ya dace da bakin.

Aikin gida layi uku aka ba ta, ba goma ba kamar na sauran. Ta zauna a tebur tun ƙarfe huɗu da rabi. Na shiga kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke. Na fito na share tsakar ɗaki. Na sake komawa kicin. Ina jin numfashinta, ina jin tana kiran haruffan ɗaya ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ba ta kira ni ba ko sau ɗaya.

Awa ɗaya da kwata ta yi. Da na zo ajiye mata ruwa idona ya sauka a shafin, daƙiƙa biyu kacal, na ƙirga kuskure bakwai. Ban yi niyyar ƙirgawa ba. Ta ga inda idona ya je. Ta rufe littafin, ta sa a jaka, ta ja zif.

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Lauya. Je ki yi wanka, ruwan zai huce."

Ta ɗauki tawul. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta ɗauki jakar makarantar ta rataya a kafaɗa. Ta shiga banɗaki da ita, na ji ta sa sakata.

Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar ina jin ƙarar ruwa. Ban ce mata ta fito da jakar kada ta jiƙe ba.